Ni Beta Ce

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban dattawan ƙauyuka uku, makirfo a hannuna, na sanar da jama'a cewa ni wawuya ce. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini, har da buga ƙirji.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Kafin nan fatauci nake yi tsakanin Jibiya da Maraɗi, in kai citta da barkono, in dawo da aya da dabino. Wata rana a Magama, bakin iyaka, wani direba ya miƙo mini takardar kayana a juye, ƙasanta a sama. Na karɓa na ƙura mata ido ina gyaɗa kai kamar mai karatu, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. A makon nan na shiga yaƙi da jahilci. Malamarmu ta can mace ce mai tsanani a kan haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Takan ce ƙugiya amana ce, wanda ya yar da ita ya canza wa mutane magana. Kuma takan ce a karanta abin da ke rubuce, ba abin da ke cikin rai ba. Na riƙe waɗannan biyun kamar karatun salla. (Har allon shagon maƙwabcinmu na sa aka sake fenti, don ya rubuta "kosai" maimakon "ƙosai". Bai yi mini magana ba har azumi ya wuce.)

Da harkar iyaka ta yi ta buɗewa tana rufewa, fatauci ya ja baya, sai na ji an buɗe ajin kwamfuta na mata a cikin gari. Na je. Ni ce babba a ajin, don haka aka ba ni shugabanci da mabuɗin ɗaki. Malaminmu, Malam Kabiru, sa'an ƙanena ne, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bayan mun iya buga rubutu, sai ya ce mu da muka fi naci zai koya mana yadda ake rubuta manhaja da kanmu.

Abin da ake rubuta manhaja a cikinsa shi ake kira edita. Ita ma manhaja ce, amma matsayinta kamar keken ɗinki ne a wajen tela: a cikinta kake rubuta umarni, a cikinta kake gwadawa, ita ke ja maka jan layi in ka yi kuskure. Wadda Malam ya sa mana ba ta da mai ita guda ɗaya. Ya ce aikin gayya ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa suna gina ta, kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙulla ta, wanda ya ga ɓaraka ya faɗa ko ya ɗinke. Wannan ya burge ni, don ni duk inda aka ce kowa na iya magana, to an kira ni.

Aka haɗa mu biyu-biyu, kowa da aikin da zai nuna ranar yaye ɗalibai. Ni aka haɗa ni da Mariyama, 'yar Maraɗi da aure ya kawo Jibiya. Ta yi lakwal a can, wato bokonsu na Nijar, tana jin Faransanci, kuma tana da haƙurin da ni ba a ba ni ba. Muka shirya ɗan ƙamus na iyaka: ka rubuta kalma da Hausa, ta fito maka da Turanci da Faransanci. Irin kalmomin da suka sha ba ni wuya a hanya, su takardar shaida, katin ɗan ƙasa, ɗakin bincike, kaya masu ɓaci. Ita ta zuba Faransancin, ni na zuba Hausar, kowace ƙugiya a mazauninta.

Akwai wani wuri a cikin aikin da ake rubuta abin da manhaja za ta ce in mutum ya nemi kalmar da babu. Mariyama ta ce mu sa, "Yi haƙuri, ba a samu ba." Na ce haƙurin me? Duk wanda bai samu ba, ƙugiya ya yar. Na rubuta nawa: "Wannan ba Hausa ba ce. Koma makaranta ka koyi ƙugiya." Ta ce, "Yaya, wanga bai yi zahi ba?" Na ce gaskiya ai dama zafi gare ta. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

To ga abin da ya sa ranar yayen ba wasa ba ce. Ajinmu duk matan cikin gari ne. Malam ya gaya mana cewa in ba a samu mata daga ƙauyuka ba, ba za a buɗe aji na gaba ba, don matan gari masu so sun riga sun shiga. Mazan ƙauye kuwa ba sa barin matansu sai dattawansu sun ce to. Ni na ɗauki wannan a kaina. Na hau mashin na je Farfaru, na je Kusa, na je Bugaje, na durƙusa gaban masu unguwanni na ce su zo su ga abin da mace ke iya yi. Wani dattijo a wajen Bugaje, wanda kowa ke kira Baba Mai Unguwa, ya ce mini, "In na gani da idona, surukaina biyu za su zo." Na ce ranka shi daɗe, za ka gani har ka gaji da gani.

Ana saura kwana biyu a yi yayen, bayan an tashi aji da la'asar, na zauna ni da Mariyama muna duba aikinmu a laftof ɗin makaranta, wanda shi za a haɗa da majigi. Na leƙa shafin da ake sauke editar, sai na ga maɓalli biyu. Ɗaya irin wadda muke da ita. Ɗayan kuma launinsa daban, an rubuta masa Beta.

Nan fa Turancina ya motsa. A yaƙi da jahilci mun haddace su kamar waƙa: gud, beta, bes. Mai kyau, wanda ya fi kyau, wanda ya fi duka. Na lura rubutun wannan ya fi na littafinmu gajarta, amma na ce mutanen kwamfuta ne, ba sa son dogon rubutu. A ƙasa akwai wasu ƙananan layuka na Turanci, ban tsaya kansu ba. Raina ma ɓaci ya yi. Ashe akwai wadda ta fi kyau, kuma kyauta, Malam ya bar mu da ta baya? Don yana ganin mu tsofaffin mata ne?

(Daga baya na ji cewa Malam ya yi bayanin maɓallan nan biyu a aji. Ranar na tafi suna Kusa. Na ci tuwon suna na ƙoshi, ban san abin da na bari ba.)

Na ce wa Mariyama zan sa mana Beta. Ta ce, "Yaya, mu tambayi Malam tukuna. Kuma kalmar ga, a wajenmu..."

Na ce, "A wajenku me? Ku da kuke ce wa kwamfuta ordinata? Wannan Turanci ne, ƙanwata, ki bar mu da abinmu."

Ta ce to. Ta zaro ɗan filas ɗinta na ajiye fayilolin kwamfuta, wanda ita take kira kile, ta kwafe aikinmu ta jefa a jaka. Na ce mata rashin tawakkali ne.

Na sauke Beta, na buɗe ƙamus a cikinta, komai ya yi aiki. Ga ta da sababbin maɓallai, ga sauri. Na rufe laftof na koma gida ina tafiya kamar wadda ta gano rijiya. Ban gaya wa Malam ba, na ce bari ya gani ranar, ya san cewa ɗaliba ma na iya wuce malaminta.

Ranar yaye aka kafa rumfa a harabar makaranta, aka rataya farin ƙyalle na majigi. Dattawa suka zauna a kujerun gaba. A bayansu mazajenmu da 'ya'yanmu. A gefe guda kuma mutanen Mariyama, mata 'yan kasuwa daga Maraɗi da Ɗan Isa da wasu direbobin tasha da suka biyo su. Da hantsi, kafin a fara, na kunna laftof. Beta ta ce tana sabunta kanta. (Ashe haka take, kusan kullum sai ta canza, abin da ka bari jiya ba shi za ka tarar yau ba.) Da ta gama sai wani ɗan akwati ya fito da tambaya. Abin da na tsinta a ciki shi ne ta ga wasu baƙin haruffa a fayilolinmu, ko ta gyara? Na ce ka ji aikin Beta, har shara take yi wa mutum. Na danna E.

Mu ne na uku. Na karɓi makirfo, na yi sallama, na danna maɓallin da ke tayar da ƙamus. Gaisuwar da na rubuta ta fito a kan ƙyalle da manyan haruffa. Ni kuma, 'yar malamata, na karanta abin da ke rubuce ba abin da ke raina ba.

"Barka da zuwa, manyan baki."

Sai da ta fita daga bakina na ji ta. Manyan baƙi na rubuta, wallahi da ƙugiyata. Aka ɗan yi gunaguni, wani a baya ya ce, "Ai ke ce shugabarsu." Aka yi dariya kaɗan. Na dake, na ce majigi ne bai fito da ita ba. Na ce duk mai kalma ya kawo.

Baba Mai Unguwa ya gyara zama. Ya ce, "Rubuta mini ƙasa. In ji yadda Bafaranshe ke ce wa ƙasa."

Kalma mai sauƙi, da hannuna na zuba ta. Na rubuta ƙasa da ƙugiyarta, na danna. Sai ga rubutu ya cika ƙyalle.

Ban karanta ba. Karo na farko a rayuwata da na ga rubutu na kama bakina. Na goge na sake rubutawa, na sake dannawa. Shi ɗin ne dai ya dawo.

Baba ya ce, "Mi ta ce?"

Shi Baba bai yi boko ba. Amma na kusa da shi, wani dattijo daga Kusa, tsohon malamin firamare ne, kuma da gani akwai tsohuwar tsokana tsakaninsu. Ya sa tabarau a nitse, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi kamar mai shela: "Wannan ba Hausa ba ce. Koma makaranta ka koyi kugiya." Ya cire tabarau ya ce, "Da kai take, Mai Unguwa. Kuma ita ma mai korar taka ta yar da tata ƙugiyar."

Abin da ya faru shi ne, baƙin haruffan da Beta ta share ba wasu ba ne, ɓ da ɗ da ƙ ne. Ta bi fayilolinmu kaf ta cire musu ƙugiya. Ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Don haka duk wanda ya rubuta Hausa daidai, ƙamus ɗina zai ce masa ya koma makaranta.

Malam Kabiru ya taso da sauri ya leƙa laftof. Ya ga launin editar. Ya ɗago, ya manta akwai makirfo kusa da shi, ya ce, "Subhanallahi. Wa ya sa mana beta?"

A nan ne mai hankali zai yi shiru, ko ya ce Malam mu yi magana a gefe. Ni kuwa na ji kamar yana so ya ɗora laifi a kan abu mai kyau don ya rufe nasa. Na ɗaga makirfo, na buga ƙirji, na ce:

"Ni ce! Ni nan da ka gani, tun da na shiga makaranta ban taɓa yarda da na baya ba. Kayan aikina beta ne, ni kaina beta ce, kuma kowa a garin nan ya san ni beta ce!"

Ɓangaren 'yan Nijar ya fashe. Ba dariyar kunya ba, irin wadda mace ke zamewa daga benci. Wata dattijuwa ta riƙe kafaɗar ta kusa da ita tana cewa, "Wayyo cikina, ta hwaɗi da kanta!" Wani direba ya ce, "Hajiya, mun shaida!" Mutanenmu na wannan gefen suka yi ta waige-waige, ba su san abin dariyar ba. Ni ma ban sani ba. Na juya wajen Mariyama, na ga ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa.

Na ce, "Ke, mene ne?"

Ta matso ta yi ƙasa da murya, amma makirfo na hannuna bai san sirri ba. Ta ce, "Yaya, shi na so in hwaɗa miki rannan. A Faransanci beta shi ne wawa. Sakarai. Wanda kai nai bai cika ba."

Yanzu kowa ya ji. Wannan gefen ma ya ɗauka. Mijina, wanda ya zauna da ni shekara talatin bai taɓa cin gardama a kaina ba, na hango shi ya sunkuyar da kai, hularsa na girgiza.

Malam ya karɓi makirfo don ya cece ni, ya ƙara nutsar da ni. Ya yi wa jama'a bayani cewa a wajen masu kwamfuta, beta ba ta nufin wadda ta fi kyau. Ta gwaji ce, wadda ba a gama ba. Ana fitar da ita ne don masu ƙarfin hali su gwada, su faɗi inda ta lalace kafin a ba kowa. Ya ce kamar miya ce da ke kan wuta, ana ɗanɗana gishirinta, amma ba a zuba wa baƙo. Dattijon Kusa ya ce, "Balle manyan baki."

Ina tsaye. Ƙasa ba ta tsage ba, na duba.

Mariyama ce ta buɗe jaka ta fito da kile ɗinta, wanda na kira rashin tawakkali. Malam ya kawo nasa laftof mai tsohuwar edita, aka haɗa, ƙamus ya tashi da ƙugiyoyinsa cif. Ita ta zauna ta rubuta ƙasa, ta fito da Turanci da Faransanci, ta karanta wa Baba. Aka kawo kalma bayan kalma, duk suka fito. Ni aikina ya koma riƙe mata makirfo.

Da aka tashi na je na durƙusa gaban Baba Mai Unguwa. Na ce ranka shi daɗe, maganar nan ba na'ura ta yi ta ba, ni na rubuta ta, a yafe mini. Sannan ya ce, "Abin naku bai yi ƙarya ba, ban taɓa shiga makaranta ba balle in koma. Amma ke da kika shiga, ga inda ta kai ki." Na ce haka ne. Ya ce, "Surukaina za su zo. Waccan 'yar Maraɗin za ta zauna kusa da su, ba ke ba."

Sun zo kuwa, su da wasu daga Kusa. Dattijon Farfaru bai turo kowa ba a wannan karon, ya ce shi ba zai kai iyalinsa inda allo ke zagin dattawa ba. Sai da na yi sawu uku gidansa kafin ya sauko a aji na bayansa, kuma wata shida na karatu da matan can suka rasa, ni na ci musu shi. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ban taɓa mai da shi abin dariya ba.

Washegari Malam ya zaunar da ni. Na ɗauka mabuɗi zai karɓe. Sai ya ce tunda na sa kaina cikin masu gwaji, to in ƙarasa aikin masu gwaji, in rubuta wa masu gina editar abin da ya faru. Na rubuta da Hausa, shi ya juya zuwa Turanci. Na fara da, "Ku waɗanne irin jahilai ne da za ku kira ƙ baƙon harafi?" Ya ce wannan layin ba ya juyuwa. (Yana juyuwa. Ƙi ya yi.) Muka bar abin da ya kamata: ga abin da na danna, ga abin da ya faru, ga haruffan, kuma harshe ne na mutane masu yawa. Bayan 'yan kwanaki wani daga cikinsu, ban san ko daga wace ƙasa ba, ya amsa da godiya ya ce ba su san da haruffan ba. Suka gyara. Malam ya nuna mini wurin da aka rubuta gyaran, ga ɓ da ɗ da ƙ a jere an ce kar a taɓa su. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ban buga ƙirji ba. Ƙirjin na hutu.

Saƙon nan kuma na canza shi da hannuna. Yanzu in ba a samu kalma ba, cewa yake, "Yi haƙuri, ba a samu ba." Mariyama ta karanta shi sau biyu da ƙarfi.

Sunan kam ya zauna. Daga tashar Jibiya har Ɗan Isa, Hajiya Beta ake ce mini. Na wannan gefen suna faɗa da fuska a sake, na wancan gefen suna faɗa suna cije leɓe, ni kuma duka ina amsawa. Na ma sa kalmar a ƙamus ɗinmu da ma'anoninta uku: wadda ta fi, da wawuya, da wadda ba a gama ba. Na shiga rumfar nan ina zaton ni ce ta farko, na fito jama'a sun shaida ni ce ta biyu. Yanzu ta ukun nake amsawa, don da alama har yau ana kan gwada ni.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum ya ce maka "a wajenmu...", bar shi ya kai aya. Musamman in garinku na bakin iyaka, inda kalma ɗaya ke kwana a nan da girmanta, ta tsallaka Magama ta wayi gari zagi.